Kwandon da Gwaggo Alvina ta saƙa

Arewacin Michigan, watan Maris

Nadine, ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Ruben da wannan zafin garin naku na Phoenix. Ni dai ga ni nan, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kunne kuwa ya daɗe da ajiye aiki. Kada ki sake yi mini maganar waya. Na cire ta na jefa a akwati, don na gaji da manna abu a kunne ina "Eh? Me kika ce?" kamar wata sakarya. In kina da magana ki rubuta, ai don haka ubanki, ƙanena Isidore, ya kai ki makaranta.

Na ga albishir. Ashe zan ga jikan Isidore da idona! Allah Ya kai mu Oktoba lafiya, Ya raba ku lafiya.

To, ga ɗaya labarin, kuma ba shi da daɗi. Koren ƙwaron nan da muke ta jin ya cinye bishiyoyin wisagak a kudu, waɗanda Turawa ke kira ash, ya iso mana. An ce a cikin itacen wuta masu zuwa hutu suka kawo shi, ko a jikinsu. Shekaranjiya na sa Cletus, ɗan'uwan marigayi mijina, ya riƙe mini hannu muka shiga fadamar bayan gida, inda kakanninki suka sari itacen kwando tun kafin a yi titi. Nadine, na yi kuka. Ki taɓa ɓawo, sai ya zube a hannunki. Ƙarƙashinsa tsutsar ta yi ta zane karkace-karkace, ta yanke wa bishiya hanyar ruwa. Suna nan tsaye, amma gawawwaki ne. Cletus ya ce, "Alvina, mu koma, ba abin da za ki gani." Na ce masa ya rufe mini baki.

Saura ɗaya mai lafiya, wadda ubanki ya dasa bayan kicin, bakin magudanar ruwa, shekarar da aka haife ki. Miƙaƙƙiya ce sak, ba ƙulli ko ɗaya. Ba za ta wuce baɗi ba, ƙwaron yana tafe.

Ga abin da nake so. Ki zo a watan Yuni, lokacin da ruwan itace ya hau. Mu ajiye mata taba, kamar yadda mu 'yan asalin ƙasar nan muka gada, mu gode mata, Cletus ya sare ta. Mu buga gungumen, mu ɓare sili, siraran zaren itacen da ake saƙa da su, in zaunar da ke in koya miki abin da kika gudu kika bari, mu saƙa wa yaron nan kwandon kwanciya. A irinsa ubanki ya kwanta, a irinsa kika kwanta. Duk danginmu ni kaɗai na rage da wannan aiki a hannu, kuma hannun ya fara rawa.

Gwaggonki,
Alvina

Phoenix, watan Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kawu Cletus. Yaya gwiwar? Kina shan maganin kuwa, ko kin sake zuba wa tukunyar fure? Ni lafiya lau, sai amai da safe, ga aikin asibiti ba ya ƙarewa. Ruben yana gaishe ki, ya ce har yanzu bai ci soyayyen burodi irin naki ba.

Gwaggo, ba zan iya zuwa ba. Kin san abin da ya same ni bara, cikin ya kai wata biyar na rasa shi. Likita ta ce ba jirgi, ba doguwar mota, har sai na sauka. Ba gudu nake ba, don Allah kada ki ce gudu ne.

Maganar bishiya kuwa, tun da na karanta wasiƙarki na kasa sukuni. Ki sare ta? Gwaggo, me Baba ya bar mini? Kwalekwalensa an sayar, rigunansa kin rabar, gidan ma rufinsa ya canja. Ita kaɗai ce abin da ya taɓa da hannunsa da har yau take numfashi. Duk ranar haihuwata sai ya jingina ni da ita, ya ce, "Kai, ta sake wuce ki, raguwa!" Ina so in jingina ɗana da ita, in gaya masa haka.

Kuma ba dole ta mutu ba. Na bincika, akwai magani. Ana zuba shi a gindin bishiya, saiwa ta sha, ya hau har ganye, tsutsar da ta ci sai ta mutu. A unguwannin kudu an ceci bishiyoyi da yawa da shi. Ni zan ɗauki nauyin komai, ke dai ki ce to.

Kwandon kwanciya kuwa, kada ki wahalar da kanki. 'Yan'uwan Ruben sun riga sun kawo mana gadon jariri.

Ɗiyarki,
Nadine

Arewacin Michigan, ƙarshen Afrilu

Nadine,

Na gaishe ki. Ki kwanta ki huta, ki bi maganar likita, ban ce gudu ba ne. Wannan na yafe.

Amma gadon jariri! 'Yan'uwan Ruben! Sannunku da ƙoƙari. Wato jikan Isidore a cikin abin kanti zai buɗe ido, ni kuma ina nan da hannuna biyu. Madalla.

Magani kuwa, ki kira shi da sunansa, guba ne. Abin da zai kashe tsutsa a cikin itace, ina kike tsammani yake zama? A cikin itacen. Ke kin manta yadda nake aiki? Da haƙori nake kama bakin sili in raba shi biyu, da leɓe nake jiƙa shi in ya yi taurin kai. Kwandunana da su ake tsinkar 'ya'yan itace, a cikinsu ake ajiye burodi. Duk ranar da aka zuba wa bishiyar nan guba, ta tashi daga tamu, ta koma abin kallo irin na gaban banki. Ban yarda ba. Ba a tsakar gidana ba.

Kuma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba game da ubanki, tunda kin fi ni saninsa. Duk shekara sai ya ɗauki wuƙa ya datse mata ƙananan rassa na ƙasa. Kin taɓa ganin mai neman inuwa yana datse reshe? Don ta tashi ba ƙulli yake yi, don sili ya fita tsaf. Ɗan masu kwando ne, uwar iyayi. Don a sare ta ya dasa ta, kuma don ke.

Farkon Mayu za a cire mini yanar ido a Petoskey. Sun ce kada in sunkuya, kada in ɗaga abu, don haka zan zauna wajen ƙawata Philomena har ƙarshen Yuni, in Allah Ya ba ni haƙurin zama da ita. Ki rubuto can. Maganar bishiya a bar ta sai na dawo.

Alvina

Phoenix, tsakiyar Mayu
Ta hannun Inna Philomena, Petoskey

Gwaggo,

Sannu da jiki. Yaya idon? Ina fatan an yi aiki lafiya, kuma kina ɗiga maganin a kan lokaci. Ki gaida Inna Philomena, ki yi haƙuri da ita, ita ma haƙuri take da ke.

Gwaggo, na yi abin da za ki ji haushi, kuma gara ki ji daga bakina. Na nemi wani mai kula da bishiyoyi a waya, ya je gidan a makon jiya, ya zuba maganin a gindin bishiyar Baba. Ban gaya wa Kawu Cletus ba, don na san zai kore shi da gatari. Ba za ki ga alamar komai ba, a ƙasa aka zuba, ƙasa ta shanye. Mutumin ya ce nan da 'yan makonni zai gama hawa jikinta, kuma sai an riƙa sabuntawa duk shekara.

Na san kin ce ba a tsakar gidanki ba. Amma gidan ubana ne ni ma. Kin ce don a sare ta ya dasa ta. Wataƙila. Shi dai bai sare ba har ya mutu, kuma ya samu shekaru da yawa da zai iya.

Yanzu ki saurare ni a matsayin nas, ba ɗiya ba. Kada ki sare ta, kada ki ɓare ta, kada wani abu nata ya shiga bakinki. Ki zage ni son ranki, zan ɗauka. In ma kika ƙi rubuto mini, na san fushi ne, zan jira ya huce.

Nadine

Arewacin Michigan, watan Agusta

Nadine, ɗiyata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya nauyin jiki? Wata uku ba ko layi ɗaya daga gare ki! Wato don na kira ki uwar iyayi shi ne kika ɗaure fuska tun daga Phoenix? Halin ubanki sak, shi ma in ya yi fushi sai ya tafi kamun kifi ya bar mutane da shirunsa. To na ƙyale ki, don ni ma hannuna bai zauna ba.

Ido ya buɗe, 'yar nan! Ashe labulen kicin ɗina ruwan ɗorawa ne, ni ina ta ganinsa toka-toka. Wajen Philomena kuwa mako guda na yi na tattara kayana. Mata ba ta sa gishiri a miya, ga kyanwoyi a kan tebur, ga talabijin tun safe. Na ce mata, "Philomena, ido aka gyara mini, ba don in kalli wannan ƙazanta ba." Ta ce in bi hanya. Na bi. Har yau ba mu gaisa ba, za ta sauko.

Buɗe akwatin da ya zo da wasiƙar nan a hankali, kada Ruben ya sa masa wuƙa.

Na san kin ce kada. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Amma a ƙarshen Yuni na ga tsuntsun nan mai ƙwaƙular itace ya fara zarya a bishiyoyin bakin titi, kuma in ya zo, tsutsa ya biyo. Na ce ba zan zauna ina kallo abin da Isidore ya rena shekara talatin da wani abu ya zama abincin ƙwaro ba. Tunda ba za ki iya zuwa wajenta ba, bari ita ta zo wajenki.

Na ajiye mata taba, na yi mata magana da harshenmu, na gaya mata wa za ta je ta riƙe. Cletus ya tsaya da zarto yana ta kame-kame. Ya ce, "Alvina, yarinyar nan fa za ta ci mu da rai." Na ce, "Kai dai sari, tsoho, in ta zo cin ta fara da ni, na fi ka nama." Da ta faɗi, shi ya fara share ido, wai garin katako ne ya faɗa masa.

Da muka ɓare ɓawon, fari fat, sumul, ba zanen tsutsa ko ɗaya. Mun riga ƙwaron! Cletus ya yi ta bugun gungumen da bayan gatari, daga wannan kai zuwa wancan, har maƙwabta suka leƙo, don sun ce rabon da su ji wannan ƙara a unguwa an daɗe. Layin shekaru na jikin itacen ya yi ta ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Nadine, tun ina yarinya ban ga itace irin wannan ba. Na raba sili, cikinsa yana sheƙi, santsi kamar kumatun jariri. Na ware farin na waje-waje, wanda ya fi kowanne laushi, na ce wannan shi zai taɓa fatar yaron. Haƙorana biyu na gaba sun yi ta ciwo saboda kamun sili, ban kula ba.

Bakinsa na naɗe da ciyawa mai ƙamshi. Ki shinshina, ƙamshin gida ne. Ki shimfiɗa bargo mai taushi, ki ajiye shi kusa da gadonki. Gadon 'yan'uwan Ruben kuwa a zuba wanki a ciki.

Ki yi fushin ki gama, sannan ki duba saƙar gindinsa ki gaya mini ko kin taɓa ganin irinta.

Gwaggonki,
Alvina

Phoenix, watan Agusta

Gwaggo,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Kina lafiya? Ki gaya mini gaskiya. Jiri, ciwon kai, amai, rawar hannu fiye da da? Gobe-goben nan ki sa Kawu Cletus ya kai ki asibiti, ki nuna musu sunan maganin da na rubuta a bayan takardar nan. Shi ma a duba shi.

Ba ki samu wasiƙata ta Mayu ba. Na kira Inna Philomena, ta ce wasiƙar tana nan a kan firij, wai tana jira ki zo ki ba ta haƙuri ta miƙa miki. Na ce ta aika miki yau. Amma ga abin da ke ciki: na sa an zuba wa bishiyar magani tun kina Petoskey. Lokacin da kuka sare ta, ya riga ya hau jikinta. Wannan farin na waje-waje da kika zaɓa wa ɗana, ta nan ruwan yake bi.

Ni ina nan ina cewa shirunki fushi ne, ina ba ki lokaci. Ashe ke kina can kina tauna shi.

Kuma kin sare ta. Gwaggo, kin sare ta! Na roƙe ki, na gaya miki ita kaɗai ta rage mini, kika ce a bar maganar sai kin dawo. Da wa kika yi maganar da kika dawo? Da Kawu Cletus da zartonsa? Kina ta murna ba zanen tsutsa ko ɗaya. To ai lafiyarta ƙalau! Da kin bar ta da tana nan tsaye, ita kaɗai kore a duk unguwar. Kullum haka kike, abin da kika ga dama shi ne daidai, sauran mutane yara ne. Baba ma haka ya yi ta fama da ke.

Kwandon yana da kyau. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na buɗe, ƙamshin ya bugi hancina, na rungume shi ina kuka kafin in karanta wasiƙar. Da na karanta sai na je na wanke hannuwana har gwiwar hannu. Ruben ya sa shi a leda ya kai gareji. Ya ce ƙila abin da ya rage a itacen bai kai ya yi lahani ba. Na ce masa na riga na binne ɗa ɗaya, ba zan kwantar da na biyu a kan ƙila ba.

Ki je asibiti. Sauran maganar ba zan iya yanzu ba.

Nadine

Arewacin Michigan, ƙarshen Oktoba

Nadine,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Katin Ruben ya zo da hoton. Mace! Goshin Isidore ne, ba ta bar komai ba. Allah Ya raya ta, Ya ba ta haƙurin da ni da ke ba mu samu ba.

Na daɗe ban rubuto ba don ban so in tayar miki da hankali kina da tsohon ciki. Na je asibitin. Sun ɗebi jini, sun ƙwanƙwasa ni ko'ina, suka ce ba su ga komai ba sai tsufa. Cletus ma haka. Ki kwantar da ranki, ba ki kashe gwaggonki ba.

Wasiƙar Mayu ta iso, da sawun kyanwa a bayanta. Na karanta. Kin jira na kwanta an rufe mini ido da auduga, sannan kika turo baƙo tsakar gidana. Kin san ranar ne don ni na gaya miki. Wannan ba zai fita daga raina da wuri ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar ya fita ba. Ke ma na san naki bai fita ba. Kin ce da na bar ta da tana tsaye. Da tana tsaye, ana yi mata ɗurin guba duk shekara, ke kina Phoenix, ni ina kallonta ta tagar kicin ba halin in taɓa. Ke kina son ta rayu, ni ina son ta yi amfani, ga shi mun haɗu mun yi asarar duka biyun.

Ban zauna ba. Cikin Satumba na sa Cletus ya zuba mai a tsohuwar motarsa, muka yi arewa har bakin babbar gada, fadama bayan fadama, ko za mu samu wata in sake saƙawa kafin ki sauka. Inda muka samu masu rai, ko karkatattu ne ko sun fara bushewa daga sama. Wani tsoho da na sani a can ya ce nasu da suka rage sun sare sun nutsar a kogi don ƙwaro kada ya same su, kuma ko ɗansa ba zai ba ko ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba. A hanyar dawowa Cletus ya ce, "Ko za ki gwada da wani itace?" Na harare shi, bai sake ba.

Sauran silin da ya rage, wanda na adana don in kin zo in koya miki, mun haƙa rami can nesa da rijiya mun binne. Ko ƙonawa ban iya ba, tsoron hayaƙin nake. Wuƙaƙena na naɗe su a tsumma na sa a akwati.

Na tambayi yaron da ke kula da daji a ofishin ƙabilarmu. Ya yi ta juya takardu, ya ce shi ma a ganinsa ƙila ba komai, amma ba wanda ya taɓa auna irin wannan, don ba wanda ya taɓa tunanin za a saƙa wa jariri gado da itacen da aka yi wa magani. To kin ji. A nan dai bakinmu ɗaya da ke.

Ki fitar da shi daga leda, zafin garejin zai fasa shi. Ki rataye shi a bango, can sama inda hannunta ba zai kai ba ko ta fara tafiya, yadda masu zuwa hutu suke yi da kayanmu. Tun ina 'yar shekara tara nake saƙa, ban taɓa yin kwandon da na ce wa mai shi kada ya sa komai a ciki ba. Wannan shi ne na ƙarshe, kuma ya fi duk sauran kyau.

Kada ki sa mini jika a ciki.

Alvina